Ƙarfi Ba Sai Da Tsalle Ba: Abin Da Mutumin Kauru Zai Duba Kafin Ya Shiga Ɗakin Motsa Jiki

Idan likita ya ce wa mutumin Kauru ko na Kafanchan ya fara motsa jiki, abu biyu ne kan faɗo masa a rai. Ko dai gudun sassarfa da asuba a bakin kwalta, ko kuwa ɗaga ƙarfe irin na samarin unguwa, waɗanda ke zuba siminti a gwangwanaye biyu su soka bututu a tsakiya, suna cizon haƙora har jijiyar wuya ta fito. Malamin makaranta mai shekara hamsin da gwiwarsa ke ƙara in zai tashi daga tabarma, da uwar 'ya'ya biyar da ƙugu ya hana ta sunkuyo, sai su dubi waɗannan biyun su ce ai ba da su ake ba. Gaskiyarsu ce ta wani fannin, domin gudu a kan kwalta da gwiwar da ta riga ta tabu ƙarin ciwo ne, gwangwanin siminti kuwa ba ya tambayar shekarun mai ɗaga shi. Sai dai akwai hanya ta uku, wadda ɗakunan motsa jiki na manyan biranen duniya suka mayar sana'a mai tsada, kuma ta fara shigowa Legas da Abuja: atisayen ƙarfafa tsoka mai tsanani wanda babu gudu babu tsalle a cikinsa. Ra'ayina shi ne mutanen Kudancin Kaduna na cikin waɗanda suka fi bukatar wannan hanya, kuma abin da ke da daraja a cikinta tsarin aikin ne da idon malami. Na'urar da ake tallata ta da ita tana biye ne daga baya.

Ga yadda irin wannan darasi yake. Ana ɗaukar minti arba'in zuwa hamsin. Mutum zai hau wata na'ura mai kama da gadon asibiti, wadda ke da faranti mai zamewa gaba da baya, an ɗaure shi da sifirin masu ja. Zai tura farantin da ƙafa ko da hannu a hankali ƙwarai, yana ƙirga huɗu wajen turawa, huɗu wajen komowa, ba tare da ya bar sifirin ya fizge shi ba. Kafin tsoka ta sarara an wuce zuwa wani motsin. Cikin minti biyu cinya za ta fara rawa, gumi ya keto, numfashi ya ƙaru, alhali ƙafa ba ta taɓa barin inda take ba. A nan ne ya kamata a raba abu biyu da mutane kan haɗa: wahalar da tsoka ke sha daban, bugun da gaɓa ke sha daban. Mai gudu, duk sa'ad da ƙafarsa ta dira, tana karɓar nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa, kuma idon sawu da gwiwa da kwankwaso ne ke shanye shi, sau dubbai a fita ɗaya. Mai tura faranti a hankali yana gajiyar da tsokar cinya fiye da mai gudun ma, amma babu dirar da za ta girgiza gwiwa. Tsoka tana ƙaruwa ne idan an tilasta mata aiki kusa da iyakar abin da za ta iya, kuma ba ruwanta da ko da tsalle aka kai ta can ko da tafiyar hawainiya.

Asalin abin ma ba a gidan masu kuɗi yake ba. Joseph Pilates, Bajamushen da aka haifa a 1883, yana zaune a Ingila lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sai aka tsare shi tare da sauran Jamusawa a sansanin Knockaloe da ke tsibirin Man. A can, cikin ƙunci da rashin kayan aiki, ya riƙa koya wa 'yan'uwansa tsararru motsa jiki a ƙasa. Bayan yaƙi ya koma Amurka a tsakiyar shekarun 1920, ya buɗe ɗakin horo a New York, inda masu rawa da suka ji rauni suka zama manyan abokan cinikinsa har rasuwarsa a 1967. Shekaru da yawa bayan haka, a Los Angeles, wani Bafaranshe mai suna Sebastien Lagree ya ɗauki na'urar atisayen da Pilates ya ƙirƙira ya ƙara mata girma da tsanani, ya cire hutun da ke tsakanin motsi da motsi, ya fito da wadda ake kira Megaformer. Ita ce ake gani a hotunan TikTok da Instagram. Tsarin da ya faro a tsakanin fursunoni, a kan daɓe, shi ne yau ake sayar da shi da dala.

Me ya sa za a damu da tsoka tun farko? Domin tana zubewa ba tare da mai ita ya lura ba. Daga kusan shekara talatin, wanda ba ya aiki da tsokarsa yana rasa kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari nata a kowace shekara goma, kuma zubar takan ƙara sauri bayan sittin. Abin da muke kira tsufa, wato kasa tashi daga kujera sai an dafa, kasa hawa babur, faɗuwa a bayan gida a karya kwankwaso, mafi yawansa wannan zubewar ce. Tsoka kuma ita ce babbar ma'ajiyar sukarin da ke yawo a jini bayan an ci abinci, shi ya sa raguwarta ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ciwon suga. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2015 ya auna ƙarfin damƙar hannun mutane kusan 140,000 a ƙasashe 17, har da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, ya gano cewa duk raguwar kilo biyar a ƙarfin damƙa na tafiya da ƙarin kashi 16 cikin ɗari na haɗarin mutuwa a tsawon shekarun da aka bi su. Wannan bai nuna cewa matse hannu na ƙara kwana ba, damƙar alama ce kawai ta yadda sauran jiki yake. Abin da ya fi ƙarfafa gwiwa shi ne gwajin da Maria Fiatarone da abokan aikinta suka wallafa a 1990. Sun ɗauki tsofaffi goma masu shekara 86 zuwa 96 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, suka sa su atisayen ƙarfafa cinya na mako takwas, ƙarfin waɗanda suka kammala ya ninka fiye da sau biyu. Saboda tarin hujjoji irin waɗannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce bayan minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, kowane baligi na bukatar aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako.

Nan take mai karatu a Geshere ko Damakasuwa zai yi dariya, kuma dariyarsa ta cancanci amsa mai tsawo. Zai ce wannan magana ta 'yan birni ce. Wanda ya yini yana huɗa da garma a gonar masara, ya ɗora buhu mai kilo ɗari a kan babur, matarsa ta hau tudun Kauru da itace a ka da goyo a baya, shi za a koya wa ƙarfi? Babu shakka manomin Kauru ya fi yawancin masu shiga ɗakunan Abuja ƙarfin hannu da juriya, kuma babu mai hankalin da zai ce ya bar gona ya je ya biya kuɗin gumi. Amma aikin ƙarfi da horon ƙarfi ba abu ɗaya ba ne. Noma yana sa mutum ya sunkuya awa shida a siffa ɗaya, yana maimaita motsi ɗaya da ɓangare ɗaya na jiki, babu hutun da tsoka ke bukata don ta gyara kanta, ga rana, ga ƙarancin nama da ƙwai a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, wanda shi ne daidai lokacin da aiki ya fi yawa. Wasu tsokoki suna ƙarfi fiye da kima, wasu kuma, musamman na ciki da na ɗuwawu da na tsakanin kafaɗu waɗanda ke tallafe ƙashin baya, suna nan a kwance. Sakamakon shi ne dattijon da hannunsa kamar ƙarfe amma bayansa ya lanƙwashe tun yana ɗan hamsin da biyar. Masu bincike a Denmak sun bi mutane sama da 104,000 a Kopenhagen, suka wallafa a 2021 cewa motsin da mutum ke yi don kansa a lokacin hutu yana tafiya da raguwar ciwon zuciya da mutuwa, amma wahalar jiki a wurin aiki tana tafiya da ƙaruwarsu. Kopenhagen ba Kauru ba ce, kuma lebura a Turai ba manomin citta ba ne a Kachia ko Kwoi, don haka ba za a ɗauko alƙaluman a ɗora mana kai tsaye ba. Amma dalilan da suka bayar, wato dogon aiki babu hutu, ɗaukar kaya a sunkuye, da hawan jini da ke daɗewa a sama tsawon yini, duk manomi ya san su a jikinsa. Abin da yake bukata kaɗan ne, minti ashirin sau biyu a mako, musamman da rani bayan an kai amfani gida, don tada tsokokin da fartanya ta manta da su.

Sannan ba kowa ne ke gona ba yanzu. Kafanchan gari ne na ma'aikata tun da layin dogo ya mayar da ita mahaɗa a ƙarshen shekarun 1920, yau kuma ga malaman Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga na reshen Jami'ar Jihar Kaduna, ga ma'aikatan asibiti da na banki, ga 'yan kasuwar da ke zaune a shago daga safe zuwa magariba, ga ɗan acaɓa da ke yini a kan sirdi. Ko a ƙauye, injin niƙa ya karɓi aikin turmi da taɓarya, famfon burtsatse ya karɓi na guga, babur ya karɓi na ƙafa. Wannan ci gaba ne, kuma ba wanda ke fatan a mayar da mata surfe da asuba. Sai dai cin tuwo bai ragu ba yayin da aikin da ke ƙona shi ya ragu, kuma kiyasin masana ya nuna kusan baligi ɗaya cikin uku a Najeriya na da hawan jini. Mutumin da ya girma yana noma, ya koma zaman ofis, ya tara teɓa, gwiwa ta fara ciwo, shi ne ainihin wanda aka yi wannan atisaye dominsa, domin gudu zai ƙara masa ciwo, zama kuma zai ƙara masa nauyi.

Ƙorafi na biyu na kuɗi ne, kuma ya fi na farko sauƙin amsawa. Na'urar Megaformer guda ɗaya ta kai dubban daloli, kuma babu dalilin da zai sa wani ya jira ranar da za a sauke ta a Kauru. Hujjojin da aka ambata a sama duka a kan ƙarfafa tsoka ne gaba ɗaya, ba a kan na'urar wani kamfani ba, duk kuwa da yadda masu talla ke son a ɗauka. Jarka mai lita ashirin cike da ruwa kilo ashirin ce a Kauru kamar yadda take a Los Angeles, kuma ana iya rage ruwan ko a ƙara shi daidai da ƙarfin mutum, abin da gwangwanin siminti ba ya yarda da shi. Robar atisaye mai ja tana yin aikin sifirin. Tsumma a ƙarƙashin ƙafa a kan daɓen siminti mai santsi yana ba da zamewar faranti. Bango ma kayan aiki ne: wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 270, wanda aka buga a Birtaniya a 2023, ya gano cewa atisayen da ake ƙame tsoka ba tare da motsi ba, kamar jingina baya da bango a durƙusa kamar ana zaune a kujerar da babu ita, ya fi sauran nau'o'in motsa jiki sauke hawan jini, da kusan maki takwas a lambar sama da huɗu a ta ƙasa. Abin da ba ya samuwa kyauta shi ne mutumin da zai tsaya a gefe ya ga cewa gwiwarka na karkata ciki, ko bayanka ya gantsare, ya gyara maka tun kafin kuskuren ya zama ɗabi'a. Don haka duk wanda zai biya kuɗi a wani ɗakin motsa jiki a Kafanchan ko Kaduna, ya bar kallon madubai da girman lasifika, ya dubi malamin. Ya tambaye ka shekarunka da cututtukanka da magungunan da kake sha kafin ya sa ka aiki? Yana da sauƙaƙan siffa ta kowane motsi ga sabon shiga? Mutanen da ke gabansa sun yi yawan da ba zai iya ganin kowa ba? Malamin da ke alfahari da cewa sabbin ɗalibansa ba sa iya tafiya washegari, a bar masa ɗakinsa.

Wannan ya kawo mu ga inda masu sha'awar abin su ma suke kuskure. Jin cewa babu tsalle yakan sa sabon shiga ya ɗauka babu haɗari, sai ya zage ya bi sahun waɗanda suka shekara suna yi. Gaɓa ce aka sassauta wa, tsoka kuwa tana shan wahala fiye da yadda ta saba, musamman a motsin da ake komowa a hankali ana riƙe nauyi, wanda shi ya fi yayyaga zaren tsoka. Tsamin jiki da ke farawa washegari ya kai ƙololuwa a kwana na biyu ko na uku abu ne da aka saba, yana wucewa da kansa. Amma idan tsoka ta kumbura, ciwo ya wuce misali, fitsari ya koma baƙi kamar ruwan shayi mai kauri, wannan alama ce cewa tsoka ta farfashe tana zubar da abin cikinta a jini, kuma yana iya toshe ƙoda. Asibiti ake zuwa a ranar, ba kantin magani ba. A nan ma akwai abin da ya shafe mu fiye da Turawa. Kusan ɗan Najeriya ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar gadon sikila, wato mai AS, kuma ko da yake yawancinsu lafiya lau suke rayuwa har su yi wasanni, haɗarin wannan farfashewar ya fi yawa gare su idan tsananin aiki ya haɗu da zafi da ƙishirwa, irin na watan Maris da Afrilu. Ga kuma al'adar haɗiyar diklofenak da ibuprofen, ko ma tiramadol, don a kashe ciwon jiki a koma aiki. Biyun farko suna ƙara wa ƙoda nauyi a daidai lokacin da take cikin wahala, na ukun kuma yana rufe bakin ciwon da ke gargaɗin mutum ya tsaya. Mai hawan jini kuma ya sani cewa riƙe numfashi yayin yunƙuri na harba jini sama nan take, don haka a fitar da iska lokacin turawa, a shaƙa lokacin komowa. Wanda ya haura arba'in, ko mai suga, ko mai ciwon ƙirji, ya fara auna jininsa a asibiti ko cibiyar lafiya mafi kusa. Mai tsohon rauni a gwiwa ko baya ya nemi likitan gashin ƙashi, irin waɗanda ake samu a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ya faɗa masa motsin da zai guje wa.

Farawar kanta ba ta da wani sirri. Kwana biyu a mako, da aƙalla kwana biyu a tsakaninsu, domin a lokacin hutu ne tsoka ke ginuwa. A makonni biyun farko a tsaya tun da sauran ƙarfi, ko da malami na kiran a ƙara. Motsin da jiki ke bukata ba su da yawa: tashi da zama, sunkuyo daga kwankwaso da baya a miƙe, turawa, jawowa, ɗaukar kaya a tafi da shi, da ƙame ciki. Ƙarfin da mutum zai ji ya samu a wata na farko yawanci jijiyoyi ne suka koyi tada tsoka, girman tsokar kansa sai an yi wata biyu zuwa uku, kuma a wannan tazarar ce mafi yawa ke karaya su daina. Abinci ba sai na gwangwani mai tsada ba, wake da waken suya da gyaɗa da ƙwai da nono duk ƙasar nan ce ke samar da su. Mai azumi, na Ramadan ko na Lent, ya rage nauyi ya matsar da atisayen zuwa bayan ya sha ruwa.

Mata su ne suka fi cin riba, su ne kuma ƙofa ta fi rufe wa. Wasu na tsoron za su yi ƙwanji irin na maza, abin da ba ya faruwa da atisayen kwana biyu a mako, domin sinadarin da ke kumbura tsokar namiji kaɗan ne a jikin mace. Abin da ke faruwa da gaske shi ne bayan daina al'ada ƙashin mace yana saurin yin laushi, kuma jan da tsoka ke yi wa ƙashi na daga cikin abubuwan da ke rage wannan asara. Babbar matsalar ita ce wuri. Matar aure a Kauru, Musulma ce ko Kirista, da wuya ta shiga ɗakin da samari suka tuɓe riga ana kiɗa. Amma irin wannan atisaye ba ya bukatar fili, ba ya bukatar matsattsun kaya, ba ya ƙara, ana yin sa a faɗin tabarma ɗaya. Ɗakin taron Zumuntar Mata a coci, ko ajin Islamiyyar matan aure bayan an tashi, ya ishi mata goma sha biyu da malama ɗaya. Garin da ke da kwalejin koyon aikin jinya kamar Kafanchan, da kwalejin ilimi a kusa da shi, ba zai rasa 'yan matan da za a horar su riƙe irin wannan aji ba. Mai jego, musamman wadda aka yi wa tiyata, ta jira izinin asibiti tukuna.

Saura tambayar da kowa ke yi a ƙarshe, wato ko zai sauke tumbi. Shi kaɗai, da ƙyar. Darasin minti arba'in da biyar ba ya ƙona abin da ya wuce malmala ɗaya ta tuwo da kwalbar lemo, kuma babu motsin da ke zaɓar kitsen ciki ya narkar da shi shi kaɗai, komai rawar da tsokar ciki ta yi. Mai son rage nauyi sai ya taɓa kwanon abincinsa, ya kuma riƙa tafiya a ƙasa da sauri, wadda ita ma ba ta dukan gwiwa kuma ita ce ke cika mintuna 150 ɗin da zuciya ke bukata. Ma'aunin da ya dace da atisayen ƙarfi wani ne daban, kuma ana iya yin sa a tsakar gida: a zauna a kujera, a rungume hannu a ƙirji, a ƙirga sau nawa za a iya tashi a zauna cikin daƙiƙa talatin. Likitoci na amfani da wannan gwaji wajen gane tsofaffin da ke cikin haɗarin faɗuwa. A rubuta lambar a ranar farko, a sake gwadawa bayan mako takwas.